Tafiyata Pensilbaniya, inda ake auna zafin duka

Yau kwanana tara da dawowa kuma sai jiya barcina ya koma daidai, shi ya sa masu damuna a WhatsApp da ina labari ina tsaraba suka ji ni shiru. Tsaraba dai ta ƙare tun ranar da na sauka, labari ne ya rage, to ga shi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamin fiziks ne a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na Arewa, kuma abin da na fi taɓawa shi ne sauti, wato auna ƙara, ta janareto da injin niƙa da lasifikar 'yan biki. Yayana, ɗan baffana ne amma gida ɗaya muka tashi a Fagge, ya yi digirinsa na uku a fannin sauti a jami'ar Penn State da ke jihar Pensilbaniya a Amurka ya kuma zauna a garin yana aiki. Shi ya haɗa ni da wani tsohon malaminsa wanda ya aiko min da takardar gayyata ta mako biyu in zo in ga ɗakunan gwajinsu. Wannan shi ne dalilin da ke kan takarda. Amma akwai wani na biyu da yake cina tun ranar 1 ga Agusta 2024, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, kafin a sa dokar hana fita a Kano. Na fita sayo wa Hajiya maganin hawan jini, ina shan wata kwana sai ga gwangwani ya faɗo yana birgima a kwalta yana huci kamar tsohuwar tukunyar gas, kafin in ce me ne wannan idona ya rufe, maƙogwarona kamar an ɗura min yaji, wani yaro mai fiya wata ne ya fasa leda biyu ya kwara min a fuska, wani kuma yana ta ihu a shafa kananzir a shafa kananzir. Wannan barkonon tsohuwa ke nan, na sha shi na gode Allah. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ko minti biyu ba a yi ba na fara jin ƙarar bindiga. Na koma gida ina tambayar kaina, shin tsakanin a daka wa mutum tsawa da a harbe shi babu wani abu ne sai wannan gwangwanin? Da na faɗa wa Yaya a waya sai ya yi dariya ya ce ai kuwa garin da za ka zo an shekara da shekaru ana cin abinci da wannan tambayar taka.

Na bar Kano da asuba a watan Oktoba, lokacin litar mai ta haura dubu, kuɗin mota zuwa Kaduna ma sai da muka yi ciniki kamar ana sayen akuya. Shingen bincike na ƙirga har na gaji na bari, daga Kwanar Dangora zuwa Zariya dai direba bai mayar da hannunsa aljihu ba, kun gane. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana a Abuja gidan wani aboki. Biza tun kafin nan na samu, dala 185 kuɗin nema, kuma lokacin dala ta haura naira dubu ɗaya da ɗari shida, ku yi lissafin da kanku ni ba na son tunawa. Jirgi ba wani labari, mun yada zango a Doha, daga nan kusan awa goma sha huɗu a zaune har ƙafata ta kumbura ta ƙi shiga takalmi.

A filin jirgin Dulles kusa da Washinton jami'in shige da fice ya tambaye ni me nake yi a ƙasarmu, na ce ina auna ƙara, ya ɗago ya kalle ni ya ce kuma biyanka ake yi? Na ce a kan biya wani lokacin. Kilishi Yaya ya gargaɗe ni tun a gida kar in kuskura, nama ba ya shiga, don haka kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa kawai na ɗauko kuma duk na rubuta su a takarda. Wata 'yar kwastan ta buɗe ledar daddawa, ta ja da baya taku ɗaya, ta ce wannan ci ake yi? Na ce ranki ya daɗe shi ne ma sarkin miyar. Ta ɗaure ta miƙo min da yatsu biyu.

Yaya na waje da ƙatuwar rigar sanyi a hannu, ya ce sa wannan kafin mu gaisa. Tafiyar kusan awa huɗu ce, muka ratsa Merilan muka wuce ta gefen Getisbag muka ɓulla Harisbag, daga nan muka ɗauki hanya mai lamba 322 da ke bin gefen kogi tana hawa duwatsu. Ko shinge ɗaya babu, ba wanda ya leƙo ya ce ina takardu ina na ruwa, har jikina ya riƙa ba ni kamar mun yi wani laifi. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya rine ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa kamar an shanya atamfofi a kan tsauni. Abin da ya fi ɗaga min hankali barewa, kai jama'a, barewa a kwance a gefen titi mota ta kaɗe, na ƙirga har biyar, ba mai ko kallo. Na ce Yaya wannan a hanyar Birnin Kudu ai ko ƙaho ba za a samu ba. Can gaba kuma sai ga keken doki baƙi yana tafiya a gefen kwalta da wani dattijo mai gemu ba gashin baki, 'yan Amish ke nan, mutanen da suka ce ba sa son mota ba sa jawo wutar lantarki gidajensu, su da zaɓinsu suke zaune a duhu, mu kuwa ba a tambaye mu ba. A gonar ɗaya daga cikinsu ma Yaya yake zuwa ya sayi rago ya yanka da hannunsa ya cika firiza, ta haka suke samun halal mai sauƙi.

State College sunan garin, kuma sunan ya faɗi gaskiya, in ka cire jami'ar ba abin da zai rage sai fitilun kan titi. An kafa makarantar a 1855 a matsayin makarantar manoma. Mutanen cikin garin wajen dubu arba'in ne amma filin ƙwallonsu yana ɗaukar sama da mutum dubu 106, ranar wasa kuɗin otal yakan ninka har ba a magana, Allah Ya taimake ni ɗakin ƙasa na gidan Yaya aka ba ni, ga hita ga bargo biyu. Kofin shayi a cikin makaranta na biya kusan dala huɗu sau ɗaya, na lissafa da naira, daga ranar na koma ɗaukar filas. Askirim ɗinsu na jami'a kuwa, wanda da madarar shanun makarantar ake yi, na yarda ya cancanci layin da ake yi masa, sai dai suna da wata doka wai ba a haɗa maka kala biyu a mazubi ɗaya, na roƙa yarinyar ta yi murmushi ta ce a'a.

Kwana na biyu Yaya ya zaga da ni, muka zo wani gini da ke bakin titin Atherton ya ce to ga inda kake ta tambaya. Wannan ɓangare ne na babban ɗakin binciken da sojan ruwan Amurka suka kafa a jami'ar a 1945, asalin aikinsa sauti a ƙarƙashin teku da makamin da ake harba wa jiragen ruwa, har da wani ƙaton bututun ruwa da aka gina a 1949 don gwada farfela. A ƙarƙashin wannan ɗakin binciken ne a ƙarshen shekarun 1990 aka buɗe cibiyar nazarin makaman da ba sa kisa, kuma a 1999 rundunar Marin, sojojin kundumbalarsu, ta zaɓi Penn State ta zama jami'ar da za ta riƙa yi mata bincike. Na ce to mu shiga mana. Ya ce Malam rufa min asiri, yawancin aikin ciki sai ɗan ƙasa mai takardar izinin sirri, ni da na shekara goma sha a garin nan ban taɓa wuce teburin karɓar baƙi ba. Don haka abin da na gani da idona jan bulo ne da tagogi da ɗalibai suna wucewa da kekuna ko a jikinsu. Wallahi na ɗan ji kunya, na taso tun daga Kano ina hasashen zan ga wata bindiga mai fitar da haske.

Abin da na samu a maimakon haka ya fi min amfani. Malamin da ya gayyace ni, dattijo mai rigar saƙa da faci a gwiwar hannu, ya shigar da ni ɗakin da ba ya amsa kuwwa. Bango da rufi duk an jera musu soso mai tsini kamar haƙoran kada, ya rufe ƙofa ya bar ni ni kaɗai minti uku. Jama'a ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar, na ji bugun zuciyata, na ji wani siririn kuka a kunnena, na haɗiye yawu na ji kamar an jefa guga a rijiya. Mutumin da ya tashi a Fagge bai san wannan ba. Da na fito muka zauna gaban allo na kawo masa maganar LRAD, wannan lasifikar mai kama da faranti da ake ɗora wa mota ko jirgin ruwa. Ya ce shi bai taɓa aiki a kanta ba amma lissafinta ai na ɗan aji biyu ne. An ƙero ta bayan harin da aka kai wa jirgin yaƙin Amurka USS Cole a tashar Aden a Oktoban 2000, lokacin da ƙaramin kwalekwale ya matso da bam, ana so a samu hanyar yi wa mutum magana daga nesa a ce tsaya kafin a kai ga harbi. Tana tattara sauti ta tura shi gaba kamar tocila, manyan cikinsu suna kai desibel 150 ko fiye a mita ɗaya, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali kunnen ɗan Adam yana fara jin zafi tun wajen 120 zuwa 130. A 2005 wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya yi amfani da ita kan 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya. A 2009 kuma 'yan sanda suka kunna ta kan masu zanga-zanga a Pitsbag, nan cikin jiharsu, lokacin taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, wata malamar jami'a da ke tsaye tana kallo ta kai ƙara cewa kunnenta ya lalace aka biya ta diyya.

Sai ya ɗauki alli ya rubuta abin da ni ma nake koyarwa, duk sanda nisa ya ninka ƙara tana raguwa da desibel shida. Ya ce amma wannan a fili ne fa. Na ce na gane, a cikin gari bango yana dawo da ita. Nan take lungunan Yakasai da Mandawari suka faɗo min, lungun da in mai kura ya shigo sai ka manne da bango, katanga dama katanga hagu, ƙara ba ta da inda za ta watse sai dai ta bi lungun kamar ruwa a kwata ta faɗa zauren mutane, ta sami mai jego da jaririn kwana bakwai da tsohon da ba ya iya tashi. Wanda aka nufa da ita ma wataƙila ya toshe kunne ya tsere. Ya ce to ka ga aikin jami'a ke nan a wannan harkar, kamfani ne ke ƙerawa ya sayar, soja ya saya, amma wani ne zai zauna ya auna a mita nawa, na daƙiƙa nawa, a kan wa. Na rubuta wannan a littafina don shi ne karo na farko da abin ya zauna min.

Ranar Asabar maƙwabcin Yaya ya kira mu gashi a bayan gida, wani ƙaton tsoho mai tafiya yana ɗingishi, tsohon Marin ne kuma ya yi Somaliya. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ajiye abin juya nama ya ce ya tuna sojojinmu a Mogadishu, kuma gaskiya ne mun je, har an kashe mana sojoji bakwai a wani kwanton ɓauna a Satumban 1993. Shi ya ba ni asalin labarin daga bakin wanda ya tsaya a wurin. Ya ce ka ga taron mutane sun yanyame ka, mata da yara a gaba, yaro ya fizge maka tabarau ya ruga, a bayan yaran kuma akwai mai bindiga da ba ka gani, kai kuma abin da ke hannunka bindiga ce kawai, ko ka harba ko ka tsaya a yi maka abin da aka ga dama. Shi ya sa a farkon 1995 da aka koma kwashe dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya daga Mogadishu, Janar Anthony Zinni ya nemi a ba su wasu kaya irin na 'yan sanda, harsashin katako da na roba da 'yar jaka mai ƙwayoyin dalma, har da wani kumfa mai danƙo da ake fesawa ya riƙe ƙafar mutum. Bayan an dawo, a 1996 ma'aikatar tsaronsu ta fitar da doka kan irin waɗannan makamai ta ɗora wa shugaban Marin alhakinsu, aka buɗe ofis a Kwantiko, sansanin Marin da ke jihar Bajiniya, daga nan kuɗin bincike ya fara gangarowa jami'o'i, Penn State da jami'ar Niyu Hamsha da sauransu. Ya kuma faɗi wata magana ta wani shugabansu Janar Krulak, wai yaƙin layi uku, a layin farko kana raba wa mutane abinci, a na biyu kana raba masu faɗa, a na uku ana ɓarin wuta, duk a unguwa ɗaya a yini ɗaya. Na ce Baba wannan ai ba sai an fassara wa ɗan Maiduguri ba.

Na tambaye shi to makaman suna aiki? Ya ɗaga kafaɗa ya ce sunan ne ƙarya. Soja na cewa wanda ba ya kisa, 'yan sanda kuwa da suka fi amfani da su sun koma cewa mai rangwamen kisa, don sun ga gawa. Kuma haka ne, a Ireland ta Arewa harsashin roba da na leda da aka fara harbawa a 1970 ya kashe mutum 17, takwas yara ne. An tsara shi a harbi ƙafa daga nesa, to in mai harbin ya tsorata ko ya fusata ya saita kai daga kusa fa?

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na zafi, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa hasken zafi. Faranti ne babba a kan mota yana tura igiyar rediyo da ba a gani mai saurin kaɗawa gigahaz 95, irin ta na'urar ɗumama abinci amma waccan 2.45 ce tana shiga cikin nama, wannan kuwa ba ta wuce kamar milimita 0.4 na fata, daidai inda jijiyoyin jin zafi suke. Ba ka ganin komai ba ka jin ƙara, kawai sai ka ji kamar an buɗe maka murhun gidan burodi a jiki, ƙafarka ta gudu kafin ka yi shawara da ita. Sojan saman Amurka da kamfanin Raytheon suka ƙera, an gwada a kan 'yan sa kai sau dubbai, kuma kwamitin masana da Penn State ta tara ya duba sakamakon gwajin ya yi rahoto a 2008. An samu waɗanda suka ƙone, ɗaya a 2007 har aka kwantar da shi a asibiti. A 2010 aka kai na'urar Afganistan sannan aka dawo da ita ba a kunna wa kowa ba. Tsohon ya ce ka yi tunanin abin da za a faɗa a kasuwa washegari, Amurkawa suna gasa Musulmi da rai, wa zai tsaya ya saurari bayanin milimita? Ni kuma tunanina ya tafi wani wajen daban, duk amfaninta yana kan mutum ya samu hanyar gudu, to a cunkoso irin na bakin Kantin Kwari ina za ka gudu, kuma abin da ba ya barin tabo a jiki wa zai hana a yi amfani da shi a kan wanda aka ɗaure?

Da daddare a gida muna cin tuwon semo da miyar kukar da na kawo na ɗauko maganar wani rahoto da masu bincike na kwalejin likitanci ta Penn State da wancan ɗakin binciken suka fitar a 2000, kan ko za a iya amfani da magungunan kwantar da hankali da na sa barci a kan taron jama'a, sun ambaci irin su Valium da dangin fentanil. Rahoton ya jawo musu surutu sosai da ya fito fili. Matar Yaya, Anti, nas ce a can, ta ajiye cokali ta ce kai dai bari. Ta ce mu a asibiti kafin a sa wa mutum ɗaya barci sai an auna nauyinsa, an tambayi me ya ci, an san ciwonsa, sannan mutum guda ya zauna a kansa ba abin da yake yi sai kallon numfashinsa, to wa zai yi wa mutum ɗari bakwai wannan a lokaci guda? Abin da zai kwantar da ƙato shi zai kashe yaro da mai asma. Kuma an gani, a Oktoban 2002 da 'yan Checheniya suka yi garkuwa da mutane a gidan wasan kwaikwayo a Mosko, jami'an Rasha suka busa irin wannan sinadarin ta hanyar iska, wajen mutum 130 daga cikin waɗanda aka je ceto suka mutu, kusan dukkansu sinadarin ne ba harsashi ba. Sai a 2021 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar hana makamai masu guba suka yanke cewa fesa irin waɗannan magunguna don aikin 'yan sanda bai halatta ba. Wani abin ɗaure kai a yarjejeniyar nan, barkonon tsohuwa haramun ne a yi yaƙi da shi amma halal ne gwamnati ta watsa wa mutanenta.

Na ce wa Yaya ni fa abin yana min wani iri, jami'a wurin ilimi ta zauna tana lissafin yadda za a ji wa mutum ciwo daidai gwargwado. Ya ce ƙanena, in ba su auna ba kana ganin fasa sayarwa za a yi? Na ce amma wanda ya biya kuɗin awon shi ne mai son a ce masa kayan lafiya lau. Ya ce shi ya sa ake da irin mutanen jami'ar Biradfod a Ingila, sashen nazarin zaman lafiya, da suka shekara suna bin diddigin waɗannan makaman suna sukar su. Muka yi ta ja har Anti ta kashe mana fitila. Ni dai har yanzu ban sauka daga kan bakana ba gaba ɗaya, amma na yarda da abu ɗaya, gara a ce akwai takardar da ta ce kar a harba ƙasa da mita kaza, ko ba komai lauya zai samu abin riƙewa. Mu a gida muna da DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, a Kaduna tun 1964, ga NDA makarantar horar da hafsoshin soja ga sassan injiniya da na likitanci a jami'o'i, kuma kayan kwantar da tarzoma ana ta shigo da su, ni a raina da wani zai ɗauki gwangwani ɗaya ya auna yadda hayaƙinsa ke zama a lungu mai faɗin mita biyu cikin zafin Afrilu da ya yi aikin lada. Wanda ya ga abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya ƙirga gawa sama da 340, ya san ba maganar wasa nake ba.

Sauran kwanakin lab ne da lakca da sanyi, sai Juma'a da muka yi a ƙaramin masallacin garin, sahu ɗaya da 'yan Malesiya da Turkawa da Sudanawa, wani Basudane ma ya gaishe ni da Hausa tsaf ya ce kakansa daga Hadeja ya tafi aikin Hajji a ƙasa bai dawo ba.

Ana jibi zan taso muka gangara Bajiniya muka kwana gidan wani ɗan Zinder mai tuƙin tasi, shi ya kai mu Kwantiko a babbar hanya mai lamba 95, cunkoson ranar ya tuna min da Mararaba. Sansanin ba a shiga haka nan, ofishin nan na makaman da ba sa kisa ma an sake masa suna 'yan shekarun nan, sun cire maganar rashin kisa sun koma cewa ƙarfi na tsaka-tsaki, na ce lallai tsohon nan ya san abin da yake faɗa. Amma gidan tarihin Marin da ke gefen sansanin kyauta ne, an buɗe shi a 2006, rufinsa ya karkace sama kamar sandar tuta. Awa uku muna yawo, jirage a rataye, tankoki, bindigogi tun na zamanin da ake ɗura musu albarushi ta baki, yara 'yan makaranta suna ta ɗaukar hoto. Ni kuma ina ta leƙe-leƙe ko zan ga tankin kumfan nan mai danƙo na Mogadishu, idona dai bai kai kansa ba. Ɗan Zinder ya ce Malam wa zai kawo ɗansa kallon kumfa?

Tsarabar da na yi wa kaina ita ce ƙaramar na'urar auna ƙara ta hannu, dala arba'in da 'yan kai, ta sashenmu ta daɗe da mutuwa. A hanyar dawowa daga Kaduna, bayan mun wuce Tashar Yari, aka tsayar da mu a wani shinge aka ce kowa ya buɗe jaka. Jami'in, matashi ne da bindiga a kafaɗa da gwangwani biyu na barkonon tsohuwa a ɗamara, ya zaro na'urar yana juya ta, ya ga kan soso ya ce Alhaji wannan fa, ta 'yan jarida ce? Na ce a'a ranka ya daɗe, ƙara take aunawa, yi magana ka gani. Ya ce kai! Lamba ta nuna 81. Ya gyara tsayuwa ya cika ƙirji ya daka tsawa irin wadda suke yi wa direbobi, ta haura 96. Sai ya washe baki ya juya yana kiran abokin aikinsa da ke zaune a kan buhun yashi, wai zo ka gwada mu ga wa ya fi, motoci kuwa sun yi layi a bayanmu suna ta hon.